Sunana a Bakin Adda

Kwana uku muka yi a Alƙahira kafin Kawu Sani ya yarda an cuce mu. Mutumin da ya tarbe mu a filin jirgi, wani Bahaushe da kowa ke ce wa Ustaz, tun muna gida ya rantse masa ta waya cewa masaukinmu na jikin asibiti, ko tari muka yi likita zai ji. Da muka sauka sai ya kai mu wata unguwa can bayan gari, gida mai hawa shida, mu a na ƙarshe, na'urar hawa kuma ta daɗe da mutuwa har an mai da ita wurin ajiye tsintsiya. Ya karɓi fasfo ɗinmu wai za a buga hatimi. Sai da Kawu ya yi mako yana binsa masallaci-masallaci kafin ya kawo su, daga ranar kuma lambarsa ba ta sake shiga ba.

Mu uku ne: ni, da Kawu, da Adda. Adda mahaifiyata ce. Da na buɗe baki na ji ƙannenta suna ce mata haka, sai na bi. Ni ce 'yar farinta, kuma ana yaye ni aka ɗauke ni daga Kagara aka kai ni Wurno wajen Gwaggo, yayar babana. Kunyar ɗan fari kowa ya san ta, amma irin ta Adda ko a Kagara ana misali da ita. Shekarata ashirin da ɗaya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In na zo hutu sai ta ce wa ƙannena, "Ku ba ta Wurno tuwo." Shekarar da na faɗo daga kan babur na karye a hannu, ta zo Wurno dubiya, ta zauna rabin yini, ta tambayi Gwaggo ya mai jiki tana kallon akuya.

An cire mata nono na hagu a Sakkwato saboda ciwon daji, bayan shekara ciwon ya dawo a ƙashin bayanta. Ni aka zaɓa in bi ta Masar neman magani domin na yi sakandare a Rabah, ina jin Turanci, kuma ba miji ba goyo. Da Gwaggo ta faɗa mata, cewa ta yi, "To ba wata?"

Duk Talata muke zuwa asibiti a ɗaura mata ruwan magani. Sauka da hawan benen nan shi ne rabin wahalar. Na sayi ƙaramar kujerar roba ina riƙe da ita, duk hawa ɗaya sai in ajiye mata ta huta. Ba ta cewa an gode, ba ta cewa tashi mu je. Sai dai ta yi gyaran murya, in ɗauki kujera.

Abinci ya gallabe mu. Kullum burodi da dafaffen wake mai tsami. Garin kunun da muka zo da shi ya ƙare a mako na biyu, har na riƙa shinshina ledar. Shi kuwa Kawu, da yake fataken albasa ne a Goronyo, kullum sai ya tafi kasuwa ba don sayayya ba, don ya ɗaga albasar mutane ya raina. Ya dawo yana cewa, "Wagga albasa ta? Ko hawaye ba ta sawa. Ruwa na anka ƙunsa cikin ɓawo."

A bene muka haɗu da Hajja Batula. Muna hawa na biyar, Adda na kan kujera tana haki, sai wata ƙofa ta buɗe, wata dattijuwa baƙa doguwa ta leƙo ta ce, "Ku mutanen ina ne?" Na kusa sakin jakar hannuna. 'Yar Sudan ce, yaƙi ya koro su. Kakanta ya fito daga ƙasar Sakkwato a ƙafa zai je hajji, ya tsaya a hanya noma guzuri, bai ƙarasa ba bai koma ba. Hausarta tsohuwa ce, cakuɗe da Larabci, wani lokaci sai na yi dariya. Ita ta ara mana tukunya. Ita ta rubuta mini sunan tashar da za mu sauka a bayan kwalin magani, in nuna wa direban ƙaramar bas. Ita ta gano inda ake sai da gero a kasuwar masu abincin tsuntsaye, ta ce kar in faɗa wa Adda daga ina ya fito.

Ranar wata Laraba, mako na huɗu, bayan la'asar, ina wanke tukunya na ji an ce, "Saratu."

Na leƙa ƙofa ina zaton Hajja ce. Ba kowa.

"Saratu. Ke nika kira. Taho ki zamna nan."

Adda ce. Tana zaune a bakin katifa, kanta ba ɗankwali, gashin duk ya zube, tana kallona cikin ido. Na je na durƙusa nesa kaɗan, ta jawo ni ta cire mini hula.

"Dibi kanki awa sheƙar ungulu. Wa ka yi miki kitso Wurno? Ba ta iya ba."

Ta yi mini kitso ranar. Hannunta na rawa, layin duk ya karkace, ban taɓa son wani kitso kamarsa ba. Tana yi tana magana. Ta ce ranar da aka tafi da ni Wurno, ta jira sai da uwar mijinta ta shiga ɗaki, ta hau cikin rumbu ta toshe baki da zane ta yi kuka, ta fito da damin gero a ka don kar a tambaye ta. Ta ce ranar da sakamakon jarrabawata ya fito, ta sa aka karanta mata sau uku a bayan gida. Ta ce, "Hancin ga naki nawa na. Kowa cewa shika na ubanki, ƙarya suka yi."

Na kwantar da kaina a cinyarta na jiƙa mata zane.

Daga nan kwanakin suka zama wasu iri. Da safe Saratu, da rana Saratu. Muna cin abinci kwano ɗaya. Ta koya mini waƙar daka da suke yi suna 'yan mata, har da baitin da ba a yi gaban manya. Na ce a raina nisa da gida ne, ba idon dangi, ba wanda za ta ji wa kunya. Na ce ko kuwa maganin ne ya fara aiki, jiki ya yi daɗi, zuciya ta sake.

Amma ba kitso da waƙa kaɗai na gani ba, kuma gara in faɗi gaskiya tunda don ita na ɗauki biro. Kullum da safe tana riƙe kai, wani lokaci ta yi amai. Kofi ya faɗi daga hannunta na hagu sau uku cikin mako guda. Ta yi sallar azahar raka'a shida ta ce huɗu ta yi. A cikin bas ta nuna wani mutum mai ƙaton ciki ta ce da ƙarfi, "Wanga yaushe za shi haihu?" tana ƙyaƙyata dariya. Adda, wadda ko a gidan biki ba a taɓa ganin haƙoranta ba.

Likitarmu mace ce, ƙarama, mai tabarau, Daktora muke ce mata. Duk Talata kafin a ɗaura ruwa sai ta yi mini tambayoyi iri ɗaya da Turanci a hankali. Ciwon kai? Jiri? Gani? Akwai abin da ya sauya a halinta ko maganarta? Amai na faɗa mata, don na san ruwan maganin na sa shi. Sauran na ce babu.

Ranar da Kawu ya fara jin ta kira ni, shayi ya sarƙe shi.

"Adda! Lahiya? Sunan ɗiyar hwari gatsau haka?"

"Ɗiyata ta. Ni nih haihe ta ko kai?"

Ya yi dariya ya ce iskar Masar ce. Amma da na fita zubar da shara sai ya biyo ni bakin bene, ya rage murya.

"Ke Saratu, abin ga ba shi cikin abin da likita ka tambaya?"

Na ce, "A'a Kawu. Ciwon jiki kaɗai taka tambaya."

Ya yarda, don ba ya jin Turanci, kuma bai taɓa kama ni da ƙarya ba.

Hajja Batula ba ta yarda ba. Ta hawo da kunun gero ta tarar Adda ta rungume ni tana mini cakulkuli. Ta ajiye kwano, ta kira ni waje. Ta ce kakarta ta yi shekara sittin a Sudan, ta manta hanyar garinsu, ta manta sunan unguwarsu, amma har ta mutu ba ta kira sunan ɗanta na fari ba. Ta ce, "Wannan kunya ba ta fita don an hau jirgi, ya binti, 'yata. Ki faɗa wa likita."

Na ce mata ita mi ta sani, ita da ba ta taɓa ganin ƙasarmu ba. Allah ya yafe mini. Kwana biyar ina wuce ƙofarta a guje.

Talata uku na yi ina cewa babu.

Ranar Asabar da hantsi muna saukowa za mu sha rana a ƙofar gida. A hawa na uku na ajiye kujera, ta zauna, sai kanta ya juya gefe kamar an kira ta daga baya. Hannun hagu ya fara karkarwa, sai duk jiki. Ta zame ƙasa, idanu sun kafe, kumfa a baki. Ban san ihun da na yi ba. Kawu yana kasuwa. Hajja Batula ce ta sauko ba takalmi, ta juya ta a gefe, ta cire mini yatsuna da nake ƙoƙarin cusa mata a baki, ta buga ƙofofin mutane. Maza huɗu da ban san sunan ko ɗaya ba suka sauko da ita cikin bargo. Mai shagon ƙasa ya rufe shagonsa ya kai mu a motarsa.

Aka tura ta cikin wata na'ura mai kama da bututu, mai ƙara kamar injin niƙa, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta. Washegari Daktora ta kira ni da Kawu. Ta juyo mana da allon kwamfuta. Fararen tabo uku ne a hoton, zagaye, babban yana gaba, saitin goshi, da duhu kewaye da shi. Ta ce duhun kumburi ne.

Na ce ai a nono ciwon yake, da ƙashi, kuma duk mako ana ɗaura magani. Ta yaya ya hau can?

Ta jawo takarda ta zana wani abu kamar tauraro mai hannaye da yawa. Ta ce a ƙwaƙwalwa ba ƙwayoyin tunani kaɗai ke akwai ba. Akwai wasu masu yawa da aikinsu hidima: su ciyar da masu tunanin, su share datti, su riƙe katangar da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa don kar kowane abu ya shiga. Ta ce ƙwayar ciwon dajin in ta biyo jini ta ratsa katangar, yawanci ba ta rayuwa, masu hidimar nan na cikin masu kashe ta. Amma in ɗaya ta tsira ta daɗe, sai abin ya juya. Ta manne da su, ta buɗe 'yan ƙofofi tsakaninta da su, tana aika musu saƙo suna mayar mata. Sai su kewaye ta kamar yadda suke kewaye rauni, su riƙa ba ta abin da ke sa ta girma, in magani ya zo kuma su taimaka mata ta jure shi. Ga katanga da ke tare yawancin maganin tun daga waje. Shi ya sa ƙashin yana samun sauƙi, can sama kuwa abu yana ta yaɗo.

Na juya wa Kawu da Hausa yadda na iya. Ya daɗe yana kallon tauraron. Ya ce, "Ashe dai da ɗan gari akan ci gari."

Na faɗa wa Daktora abin da ya ce. Ta girgiza kai. Ta ce ba mugunta ba ce. Aikin da suka sani suke yi, riƙo da karewa. Ba su san wa suke karewa ba.

Sai ta sa biro a kan farin da ke gaba. Ta ce wannan wurin shi ke riƙe mutum, shi ke ce masa kar ka faɗi, kar ka yi, ana kallonka. In ya kumbura sai linzami ya saki. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Ba ki ga wani sauyi a halinta ba?"

Kawu bai ji Turancin ba, amma ya ga fuskata. Na faɗa mata duka. Kofi, raka'a shida, mutumin cikin bas. Na ce ta kira sunana. Ba ta gane ba. Ta ce ai uwa tana kiran sunan 'yarta. Na yi ta neman Turancin da zan yi mata bayani da shi, babu. Na ce mata dai a wurinmu ba a yi, kuma ni ban taɓa ji ba, kuma na ji daɗi.

Na tambaye ta da na faɗa tun Talatar farko, da mi zai faru. Ba ta yi mini ƙarya ba. Ta ce da an rage kumburin da wuri, wataƙila da ba ta faɗi a bene ba. Ko da ya sauya ƙarshen abin, ta ce wannan ba ta sani ba, kuma ba ta zaton wani ya sani. Na so ta ce a'a. Har yau da wannan "ban sani ba" nake kwana nake tashi.

A bakin ƙofa Kawu ya ce, "Kin sani?" Na ce na sani. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi. Ya ce, "Allah shi kyauta," ya tafi neman wurin alwala.

Aka fara ba ta maganin rage kumburi, aka yi mata wani abin rufe fuska mai raga daidai kanta, ana kwantar da ita ana haska mata wuta. Ciwon kan ya lafa. Hannun ya fara riƙe kofi. Kwana na shida na shigo ɗakin da ruwan zafi a fulas, Hajja Batula na zaune a gefen gado. Adda ta ganni, ta jawo gyale ta rufe kai, ta mai da fuska bango.

"Hajja, ki ce ma ta Wurno ta ci abinci. Tun jiya ban ga ta ci ba."

Kawu ya ɗaga hannu yana alhamdulillahi, Adda ta dawo. Daktora ta yi murmushi ta rubuta a fayil. Ni ma na ce alhamdulillahi, kuma har zuciyata na faɗa. Sannan na shiga banɗaki na buɗe famfo don kar a ji ni.

Bayan an gama hasken, Daktora ta ce mu koma gida. Ta ce an danne shi ne, ba a kashe shi ba. Ta rubuta mini abubuwan da zan sa wa ido, ta ce duk ranar da na ga ɗaya kar in jira, a kai ta asibiti. Na ƙarshe a takardar shi ne sauyin hali. Ta ja masa layi biyu.

Ranar da za mu taso ina ɗaure kaya, Kawu ya sauka neman mota, Hajja ta tafi kawo mana dabino. Adda na zaune tana kallon taga. Ba ta juyo ba. Da tagar take magana.

"An ce na yi ta zuba kwanakin baya."

Na ce, "Ba ki ce komi ba."

"Na ce. Ina tune da rumbu." Sai ta ƙara da cewa, "Ciwo ya buɗe baki. Amma ba shi as sa magana ciki ba. Can yat tarad da ita."

Ta gyara gyale. Ta ce wa taga a duba ƙarƙashin katifa kar a bar wani abu.

Ban koma Wurno ba. Na ce wa Gwaggo zan zauna Kagara in riƙa ba da magani a kan lokaci. Wata biyu da kwanaki muka yi lafiya lau. Tana fita tsakar gida, tana tsince wake, tana aika mini saƙo ta bakin ƙannena ko ta bakin kaji in ba kowa. Duk safiya in na gaishe ta sai in tsaya kaɗan a bakin ƙofa ina saurare. In ta ce, "Ta Wurno ta tashi?" sai in ji numfashina ya sauka. Ba wanda ya san abin da nake roƙon Allah a sujada. Ina roƙonsa kar uwata ta kira sunana.

Ranar Litinin da ta wuce, ana cirar albasa, gidan cike da mata ana yanke ganye ana warewa. Ina ɗauke da kwando a ka. Daga ƙarƙashin zogale, da murya sarai kamar ta yarinya, na ji:

"Saratu! Taho in ga kan nan naki."

Matan suka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Oh, 'yan Masar an waye!" Wata ta rufe baki da hannu tana salati.

Na sauke kwandon a hankali. Na ce, "Na'am, Adda. Ina zuwa."

Na zagaya bayan ɗaki na kira Kawu a waya. Na ce ya samo mota yanzu, za mu Sakkwato. Bai tambaye ni dalili ba. Ya ce yana cikin kasuwar Goronyo, in ba shi ɗan lokaci.

Na wanke fuska. Na zo na zauna a tsakanin ƙafafunta na cire hula. Ta fara tsaga da hannu ɗaya, ɗayan yana kwance a kafaɗata ba ya motsi. Ta ce, "Saratu, kanki ya cika." Na ce i. Ta sake faɗa, don kawai ta faɗa. Layi huɗu muka yi kafin mu ji ƙahon mota a ƙofar gida.